Yadda zaka saurari Still Loving You har ka gane cewa waƙar biko ce

Wani ƙanina ne yasa na zauna rubuta wannan. Ranan muna zaune a ƙofar gida a Jekadafari bayan isha'i sai naji wayarsa ta saki wani ɗan guntun kiɗan jita a ƙarƙashin bidiyon TikTok, ko daƙiƙa talatin bai kai ba ya wuce na gaba. Nace tsaya tsaya, koma baya, kai ka san waƙar nan kuwa? Yace a'a Hamma, sautin ne kawai ake yayi. Wallahi sai da naji wani abu a raina, don waƙar nan minti shida ce da kusan rabi, kuma duk daɗinta yana cikin jira ne, an yanko mata ɗan tsakiya kaman mutum ya tsame nama a miya ya zubar da sauran. Toh ni kam da ita na tashi, tun lokacin kaset, shi yasa nace bari na rubuta yadda ake jinta ga duk mai so, ko da baya jin turanci sosai. Wanda baya sauraron kiɗa saboda dalilinsa na addini na girmama shi, wannan rubutu na masu saurare ne.

Abu na farko ka nemo ta asali. Sunanta Still Loving You, ta ƙungiyar Scorpions, ta fito a 1984 cikin albam ɗinsu mai suna Love at First Sting, ita ce ta ƙarshe a jerin waƙoƙin. In ka rubuta sunan a YouTube zaka ga iri iri, akwai ta kan dandamali, akwai wadda suka yi da makaɗan Berlin Philharmonic a 2000, akwai wadda suka yi da jita marar lantarki a Lisbon a 2001, akwai wadda suka sake rerawa a 2011, ga kuma na masu kwaikwayo ba adadi. Duk ka barsu tukuna. Ka duba tsawon, in kaga ƙasa da minti shida an datse ta ne don rediyo ko bidiyo. In kuma wajen masu tura waƙa zaka je a kasuwa su sa maka a memori, ka duba nauyin fayil ɗin, waƙa mai wannan tsawo in mai kyau ce zata kai MB 6, mai kyau sosai ta kai 15, in kaga 2 ko 3 toh an matse ta ne har ta rasa ruwanta, ƙarar jitar zata dinga fita kaman ana yayyaga leda. Sannan hoton bangon albam ɗin ba na nunawa a gaban yara ko manya bane, ka kife wayar in kana cikin mutane.

Kar ka ji ta da sifikar waya, dan Allah. Sifikar waya bata iya fitar da bes, wato sautin nan mai kauri, kuma kiɗan an raba shi ne kunnen dama da na hagu, jita ɗaya nan ɗaya can, in ka ji ta baki ɗaya sun cakuɗe. Sa iyafis duka biyu, ba ɗaya a kunnenka ɗaya a kunnen abokinka ba. In wayarka tana da wurin ƙara bes ka kashe shi. Kuma ga inda mutane ke cutar kansu, farkon waƙar a hankali yake sosai sai mutum ya ƙure ƙara don yaji, can kuma sai nauyin ya sauko masa a kunne lokaci ɗaya. Barta kusan rabi da ɗan ɗoriya, kar ta wuce kashi 60, sanyin farkon da gangan aka yi shi.

Lokaci ma yana da nasa. Ba waƙar cikin keke napep bace ko ta tsakiyar hayaniyar Tashan Dukku. Dare take so, bayan ka yi sallah gari yayi tsit, in an ɗauke wuta ma yafi don babu fanka babu talabijin, ko kuma a doguwar tafiya in ba kai ke tuƙi ba, ni na sha jinta a hanyar Gombe zuwa Bauchi in an wuce Alkaleri rana na faɗuwa. Sa wayar a yanayin da kira bazai katse ka ba, ka yi niyyar minti shida da rabi bazaka taɓa komai ba.

Ji na farko kar ka nemi ma'anar kalma ko ɗaya. Bi kiɗan kawai. Zaka ji jita ɗaya ana tsinkar tsirkiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, kaman yadda mai molo ke yi da yatsa, ka kasa kunne ga mafi kaurin sautin dake ƙasa, sauka yake yi taki huɗu kaman mai sauka daga bene, a rubutun kiɗa G, F, E flat, D, sai ya koma sama ya sake saukowa. Wannan saukar tsohuwa ce ƙwarai, ita ce ƙashin bayan kiɗan filamenko na yankin Andalus a kudancin Sifaniya, kuma abin da take yi wa kunne shine takan tsaya a takin ƙarshe ba tare da ta sauke ka gida ba, sai kaji kaman an yi tambaya an bar ta a buɗe. A ganina shi yasa kunnen Bahaushe da ya saba da waƙoƙin Indiya da na Larabawa baya jin baƙunta a nan ko da bai taɓa son irin wannan kiɗan turawa na rock ba.

Sai murya ta shigo, ƙasa ƙasa, kusan raɗa. Mutumin baya sauri ko kaɗan. Baiti ya wuce, wani ya wuce, sai an ci fiye da minti biyu sannan amshi ya zo da nauyinsa, ganguna su buɗe, jita ta canza murya ta zama mai gurnani. Wannan gurnanin ga yadda ake samunsa, ana tura sautin jitar cikin amfilifaya fiye da abin da zata iya ɗauka cikin tsabta, sai saman sautin ya daddatse ya yi kaushi, irin abin dake faruwa da lasifikar mai talla in ya ƙure ta, bambancin kawai su sun mayar da shi sana'a sun san iya inda zasu tsaya. Amfaninsa shine sauti ɗaya yana daɗewa baya mutuwa da wuri, shi yasa jita ke iya yin kuka dogo kaman goge ko kukuma alhali ba'a goga mata komai ba. Bayan amshin sai komai ya sake lafawa, ya koma raɗa, sannan ya sake tashi, wannan karon bazai sauko ba har ƙarshe. Ka riƙe wannan tsarin a kanka, sanyi, tashi, sanyi, tashi mai ɗorewa, don zamu dawo kansa.

Yanzu ka cire iyafis ka ji su waye. Scorpions Jamusawa ne daga birnin Hanoba, Rudolf Schenker ne ya kafa ƙungiyar a 1965 yana ɗan shekara sha bakwai, albam ɗinsu na farko ya fito a 1972. Shi ya yi kiɗan wannan waƙar, Klaus Meine mai rerawa shi ya rubuta kalmomin, dukkansu haihuwar 1948 ne, wato 'ya'yan bayan yaƙin duniya na biyu, sun tashi a ƙasar da aka raba biyu. Turanci ba harshensu bane, koyonsa suka yi kaman ni da kai, shi yasa kalmomin waƙar masu sauƙi ne, wanda ya gama sakandare zai kama kusan duka, kuma in ka kasa kunne zaka ji harshen Bajamushe a bakin mai rerawar. Schenker ya faɗa cewa kiɗan ya yi kusan shekara shida a hannunsa kafin ya samu shiga albam. An ɗauke ta a sitidiyon furodusansu Dieter Dierks kusa da birnin Kolon, kuma abin da yake min daɗi shine a lokacin daga Kolon ɗin ne Sashen Hausa na Muryar Jamus yake watsa shirye shiryensa, wato iyayenmu na nan Gombe, lokacin ma muna cikin jihar Bauchi, suna kama tashar a gajeren zango, ashe can gefen garin ana ɗaukar wannan waƙa.

Akwai abu ɗaya a tarihin mai rerawar da nake so ka sani kafin ka sake saurare. A 1981 muryarsa ta ɗauke, ana tsakiyar aikin albam ɗin Blackout, sai da aka yi masa tiyata a maƙogwaro, har ya ce wa abokansa su nemi wani mawaƙin. Schenker ya ƙi, yace zasu jira shi. Suka jira, murya ta dawo, albam ɗin ya fito a 1982, bayan shekara biyu ya rera wannan. Toh in kaji yadda yake ɗaga murya a ƙarshen waƙar ka tuna mutum ne da aka yi haƙuri da shi har ya warke, kuma wanda ya jira shi shine yake kaɗa doguwar jitar ƙarshen, duk da cewa a yawancin waƙoƙinsu Matthias Jabs ne ke wannan aikin.

Ji na biyu sai ka buɗe kalmomin a gabanka. Anan ne nake so na daɗe, don anan mutane suke kuskure. Da yawa sun ɗauka waƙar zance ce, irin wadda saurayi ke turawa budurwa yana yabon ido da tafiya. Babu yabo ko ɗaya a cikinta, bai ce tana da kyau ba, bai kira ta tauraruwa ba. Mutum ne da ya ɓata wa matarsa ko masoyiyarsa rai, ta tafi ko tana dab da tafiya, shi kuma yana cewa a bashi lokaci, zai yi ƙoƙari ya gyara, da za'a koma farko da ya canza abubuwan da suka kashe soyayyar, kuma can gaba ya fito fili ya amsa cewa shi ya yi laifi, ya san abin da ta sha. Mu a Hausa muna da suna ga wannan, biko. Mata ta yi yaji, miji ya bi sawu. Duk wanda ya taɓa raka wani biko ya san yadda ake yi, ba'a shiga da ƙarfi, zaka zauna a zaure ka sunkuyar da kai, ka gaida Baffa ka sake gaishe shi, murya ƙasa ƙasa, a jima ana kewaye kewaye kafin a taɓo maganar, in ta yi zafi a ɗan lafa, sannan daga ƙarshe mutum ya zubar da duk wani girma ya roƙa da gaske. Koma ka dubi tsarin da nace ka riƙe. Shine sak. Minti biyun farko zaman zaure ne, wanda ya yanke su ya fara daga amshi kaman wanda ya faɗo gidan surukai yana ihu ne ba sallama.

In zaka yi amfani da Google wajen fassara ka kula da kalma ɗaya, pride. Aiki iri biyu take yi a waƙar kuma ba ma'ana ɗaya ba a kunnen Bahaushe. A wuri ɗaya yana cewa pride ɗin matar ce ta gina katanga a tsakaninsu har ya kasa wucewa, nan kam zaka iya cewa girman kai ko jan aji. A ɗaya wurin kuma yana amsa cewa shi ya raunata ta, nan mutunci ne, darajar mace da aka taka. In ka fassara duka da girman kai sai mutumin ya zama mai ɗora laifi, alhali waƙar tafiya take daga ganin laifinta zuwa ganin nasa, ya fara da katangarki ce ta hana ni, ya ƙare da ni ne sanadin katangar. Wannan juyawar ita ce zuciyar waƙar a wurina, kuma tana zuwa ne daidai inda saukar nan ta taki huɗu ta dawo da cikakken nauyi.

Maganar katangar tana da wani gefen. A 1984 katangar Berlin na tsaye, tun 1961 aka gina ta, ta raba dangi da dangi, sai a Nuwamban 1989 ta faɗi. Shi yasa mutane da yawa suke jin waƙar a matsayin ta Jamus ta Yamma da ta Gabas, ƙasa ɗaya da ta yi yaji da kanta. Su dai masu waƙar labarin masoya biyu suka ce, kuma ni ma a haka nake jinta, amma Bajamushe ya ambaci katanga a wancan lokacin dole kunne ya tafi can. Su ɗin ne kuma suka je Tarayyar Sobiyet suka yi wasa a Leningrad a 1988 da Mosko a 1989 tun kafin abubuwa su warware.

Wani abin lura, ba a Amurka ta fi karɓuwa ba, can iyakarta lamba 64 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard. Faransa ce ta rungume ta, har mawaƙan suna bada labarin cewa wani mai gabatar da shiri a talabijin ɗin Faransa ya ce musu su ne sanadin yawan haihuwar da aka yi a 1985. Raha ce, amma tana nuna maka inda waƙar ta shiga, cikin gidajen mutanen da turanci ba nasu bane. Haka ta shigo mana nan ma.

Babban Hammanmu shi ke da kaset ɗin, irin wanda ake ɗaukowa daga wani kaset, an rubuta sunayen da biro a bayan kwali. Rikodarsa mai batir shida ce, kuma don kar batir ya ƙare da biro yake mayar da zaren baya, ni nake riƙe masa. Shekarar da aka ba mu jiha, 1996, Addarmu matarsa ta yi yaji ta tafi gidansu a Kumo, ina yaro ban san me ya haɗa su ba, abin da na sani kullum bayan isha'i waƙar nan ce a ɗakinsa, ya ji ya mayar ya sake ji. Rannan Goggo ta leƙa tace kai, wannan bature da kake saurare shi zai je maka Kumo? Washegari ya je ya samu Baffa, suka shirya suka tafi tare, suka koma karo na biyu, bayan sati uku ta dawo. Yau suna da jikoki. Na kawo wannan ne don in faɗa maka yadda ake amfani da waƙar da yadda ba'a yi. Kar ka turawa yarinyar da kuka fara zance jiya, zata ɗauka ka yi mata wani laifi ne da bata sani ba. Kar ka sa a kamu ko dina, waƙar rabuwa ce. In kuma kai ne mai laifin, ka ji ta kai kaɗai har ta tausasa maka zuciya ta sa ka iya furta na yi kuskure, sannan ka tashi ka nemi manya ku tafi, tura ta a WhatsApp ba biko bane. Ke ma 'yar'uwa in an turo miki, ki saurara in kina so, amma ki jira ƙafa ta zo.

Ji na uku na ƙarshen waƙar ne kawai zaka sa wa ido, minti ɗaya da rabin ƙarshe. Yana ta maimaita magana ɗaya, cewa har yanzu yana sonta, jita tana amsa masa, wani lokaci ta rigashi wani lokaci ta biyo baya. Ka lura da yadda sautin jitar ke lanƙwasa ya hau sama ba tare da ya yanke ba, mai kaɗawar yana tura tsirkiyar ne gefe da yatsa tana ƙara ɗamewa, sai sautin ya miƙe kaman muryar mai kuka. Sannan ka lura waƙar bata da wurin tsayawa, a hankali ake rage ƙarar har ta ɓace yana kan roƙo. Ba'a faɗa mana ta dawo ba, ba'a ce taƙi ba, muryar matar ma bamu ji ba ko sau ɗaya. Ni a nan nake ganin dalilin da ta wuce shekara 40 bata tsufa ba, wanda aka yafe wa zai ji ta tasa ce, wanda har yau yake jira shi ma tasa ce, wadda ta tafi bata koma ba ita ma zata ji abin da ta so a ce mata ba'a ce ba. In ta ƙare kar ka bari wata waƙa ta biyo nan take, kashe wannan tsarin na wuce gaba da kansa, ka ɗan zauna da shirun.

In kana da jita ko kana koya wajen abokai, ka fara da saukar nan ta taki huɗu, G minor ne mazaunin waƙar, ka tsinka da yatsu a hankali fiye da yadda suke yi, kar ka taɓa doguwar jitar ƙarshe sai hannunka ya saba, yatsunka zasu yi zafi sati biyun farko sannan su yi kanta. Sai bayan duk wannan ne zaka je ga sauran nau'o'in, ta makaɗan Berlin tana da girma amma ni ina ganin sun cika mata kaya, ta Lisbon kuwa tana da daɗi da safe, ta kan dandamali a albam ɗin World Wide Live na 1985 zaka ji su suna kan ƙarfinsu.

Ƙanin nawa ya bi matakan, ya dawo bayan kwana biyu yace Hamma ashe mutumin haƙuri yake bayarwa. Ranar Juma'a muka je gaida babban Hamma a Tudun Wada, na sa masa iyafis ɗin a kunne, ya rufe ido bai ce komai ba har ta ƙare, sannan yace a tura masa a memorin ƙaramar rediyonsa. Adda tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago tace wace waƙa ce, yace ta Kumo ce.